Tsirkiya Ɗaya daga Bukuru zuwa Asata

A zamanin da Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗan Maraya Jos, ya fara ɗaukar kuntigi, mawaƙin da ke neman suna ya san ƙofar da ake tsayawa. Ibrahim Narambaɗa yana Isa wajen Sarkin Gobir, Salihu Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Wanda bai samu fada ba sai ya bi attajirai, ko 'yan dambe, ko sarkin noma ranar gayya. Sana'o'in gado ma kowace da makaɗinta, mahauta ga kalangunsu, mafarauta ga nasu. Har direba yakan samu mai ambatonsa, tunda yana da abin sa hannu a aljihu. Amma yaron da ke kwana ƙarƙashin motar, wanda ba gadon sana'ar ya yi ba, kuma ba shi da riga balle doki da zai yi kyauta da su, shi ne Ɗan Maraya ya zaɓa. Waƙar Karen Mota ita ce ta fara fito da shi, kuma har ya bar duniya ranar 20 ga Yunin 2015 a Jos, da wuya a ambaci sunansa ba a tuna da ita ba.

Ni a Asata aka haife ni, cikin garin Inugu, ba nisa da babban masallacin da ke titin Owerri. A nan nake tara yaran unguwa da yamma ina koya musu karatu da rubutun Hausa, bayan sun taso daga boko da islamiyya. A makarantun gwamnati na jihar nan Ibo ake koyarwa, kuma daidai ne, ƙasarsu ce. Yaranmu suna jin Ibo kamar jakin Kano da Hausa, a titi kuma broka suke yi. Hausar tasu ta tsakar gida ce, ta aike da cefane. Cikin duk abin da nake koyarwa, Waƙar Karen Mota ce na fi ji da ita, domin daga irin wurin da yaran suka fito ta fito.

An haifi Ɗan Maraya a Bukuru a 1946. Bukuru garin kuza ne, kuma Hausawan da ke cikinsa neman abinci ya kai su, yadda kwal da layin dogo suka jawo kakanninmu zuwa Inugu. Garuruwan biyu ma a ɗaure suke da ƙarfe ɗaya. An buɗe haƙar kwal a nan a 1915, jirgin ƙasa ya haɗa Inugu da Fatakwal a 1916, sannan layin ya miƙa arewa ta Makurɗi da Kafanchan har ya isa Bukuru da Jos a 1927. Kwal ɗin Inugu yana hawa tudu zuwa wuraren haƙar kuza, kuzar kuma tana gangarowa ta ratsa garinmu ta nufi bakin teku. Mahaifin Adamu makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Ya rasu, mahaifiyar ma ta bi shi tun yaron yana ƙarami ƙwarai, sai Sarkin Hausawan ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan sunan Ɗan Maraya ya bi shi. Idan na zo nan a cikin labarin nakan dakata, domin sarautar Sarkin Hausawa ba a yin ta a Kano ko Katsina. Sarauta ce ta zango, ta mutanen da ke zaune a ƙasar wasu, kuma mu ma muna da namu a Inugu. Yaran sukan ɗago kai su dube ni. Sun saba jin cewa Hausar gaske tana can arewa, su kuwa ragowa ce a bakinsu. Sai ga shi mutumin da Jami'ar Jos ta ba digirin girmamawa saboda Hausarsa, shi ma ɗan zango ne.

Tun bai balaga ba ya yi wata tafiya zuwa Maiduguri, ya ga masu kiɗan kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa da hannunsa. Kuntigi ba wani kayan kiɗa ne mai tsada ba. Gwangwanin kifi ne mai siffar ƙwai, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka masa ɗan sanda, a ja tsirkiya ɗaya tak. Ba ya bukatar mai ɗauka, ba ya bukatar 'yan amshi. Mai shi zai iya sa shi a aljihun riga ya hau bayan mota. Wannan ya dace da maraya, ya kuma dace da tasha, inda ba wanda zai share maka fili ka jera makaɗa goma. A nan, tsakanin direbobi da 'yan kamasho da masu ɗaukar kaya, ya ga abin da ya waƙe.

Waƙar yabo ce ga samarin da ke cusa fasinja su sauke su, su yi lodi, su canza taya, su tura mota in ta mutu a hanya. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka wasa ne. Ni na san shi a gida. Kawuna ya yi shekaru yana bin wata tsohuwar Marsandi mai bodin katako, irin wadda Ibo ke kira gwangwaro, tana ɗauko albasa da wake daga arewa ta koma da manja da garin rogo. Hanyarsu ta Lafiya da Makurɗi da Otukpo ce, su kwana Obollo-Afor, su iso mararrabar 9th Mile. Daga nan sai gangaren Miliken, tsohuwar hanyar nan mai lanƙwasa da ke saukowa cikin Inugu, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen. Saukowa birki ake roƙo. Komawa da lodi kuwa, kawu ba ya zama a mota. Sauka yake yi ya rungumi waigi, wani guntun katako mai nauyi da ya sha baƙin mai har ya yi sheƙi, yana tafe dab da tayar baya. In direba ya nemi giya ta ƙi shiga, motar ta fara ja da baya, cikin ƙiftawar ido zai cusa waigin ƙarƙashin tayar. In ya makara, mota da kaya da mutanen da ke saman kaya sun tafi. Babban yatsansa na hagu a murɗe yake har ya rasu. Shi ne mai ɗaure tamfol in hadari ya taso, shi ne mai shiga ƙarƙashi da jak, shi ne mai gadin kaya da dare yayin da maigidansa ke barci a ɗaki. Duk da haka in aka tashi zagin yaro marar jin magana sai a ce zai ƙare a karen mota.

Abin da Ɗan Maraya ya yi shi ne ya ɗauko kayan aikin fada, wato kirari da zuga da kambamawa, ya shimfiɗa wa wannan yaro. Bai yi masa kuka ba, bai kuma ɓoye dattin rigarsa ba. Daga baya ya bi wannan hanya ya waƙe talaka da mai akwai, ya waƙe auren dole da gulma da halin ɗan Adam, yana sauya murya shi kaɗai, ya zama miji ya zama mata ya zama tsohuwar da ke kai gulma. A ganina duk waɗannan 'ya'yan waccan ta farko ce.

Wani abokin aikina Ibo, malamin kiɗa a wata sakandare, shi ya fara sa mini kiɗan da baƙaƙen fatar Amurka ke kira buluz, bayan ya ji kuntigi na tashi a wayata. Ya ce in saurara in gaya masa abin da na ji. Waƙar wani Big Joe Williams ce, mutumin Misisifi, mai suna "Baby, Please Don't Go", wadda aka ɗauka a Shikago ranar 31 ga Oktoban 1935. Bayan jitarsa akwai mai kaɗa allon wanki, akwai kuma wani da ake kira Dad Tracy yana goga wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya. Da na ji shi sai da tsigar jikina ta tashi, domin kukansa kukan goge ne. Mutum ne a waƙar yake roƙon matarsa kada ta tafi ta bar shi, kuma masana suna danganta tushenta da tsofaffin waƙoƙin fursunoni da leburori na kudancin Amurka, waɗanda ake yi ana sara ko ana haƙa. Daga baya Muddy Waters ya sake ta a 1953, Turawan Birtaniya suka ɗauka a 1964, ta zagaye duniya har mutane da yawa suka manta daga bakin wa ta fito.

Buluz ya tashi ne a ƙarshen ƙarni na 19, bayan an soke bauta a Amurka a 1865, a bakin 'ya'yan bayi da suka samu 'yanci a takarda amma suka ci gaba da noman auduga a gonar wani, da gina madatsun kogi, da shimfiɗa layin dogo. Tsarinsa mai sauƙi ne: a faɗi layi, a maimaita shi, sannan a kawo na uku ya amsa. Jigonsa bashi, da yunwa, da tafiya, da rabuwa, da gidan yari. Labarin da suka fi bayarwa game da fitowarsa fili ma a tasha ya faru. Wani makaɗi mai ilimin kiɗa, W. C. Handy, yana jiran jirgin ƙasa a Tutwiler ta Misisifi wajen 1903, sai ya ji wani mutum cikin tsumma yana kaɗa jita yana goga wuƙa a kan tsirkiyoyin. Handy ya rubuta irin wannan kiɗa ya yi suna da shi. Mai tsumman kuwa ba a ko tambayi sunansa ba.

To, akwai dangantaka ta jini tsakanin wannan da namu? Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, wanda ya yi shekaru yana yawo a Afirka yana ɗaukar kiɗa, har da na wani mai goge Bahaushe a Kamaru, ya fitar da littafi a kan haka a 1999. Ra'ayinsa shi ne salon rera buluz ya fi kama da na yankinmu na Sudan, daga Mali zuwa arewacin Najeriya da Kamaru, fiye da na bakin teku mai manyan ganguna. Ya ambaci Hausawa da suna, ya nuna yadda mawaƙinmu ke jan gaɓa ɗaya yana lanƙwasa ta, da yadda yake ɗaga murya kamar mai shela, da yadda mutum ɗaya ke waƙa da abin kiɗa mai tsirkiya. Na yarda da kunnensa, domin nawa ma ya ji haka. Amma ba na barin yara su tafi gida suna cewa Hausawa ne suka ƙirƙiro buluz. Yawancin Hausawan da aka tsallaka da su teku an kwashe su ne a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, kuma Bahiya ta ƙasar Barazil aka fi kai su, inda suka yi ta tayar wa masu su da bore. Amurka kuwa ta hana shigo da bayi daga 1808. Waɗanda aka kai can daga yankin Sudan sun fi yawa daga wajen Senegal da Gambiya da Mali. Saboda haka 'yan uwantaka ce ta yanki, ba gadon uba da ɗa ba, kuma wahalar da ta haifi buluz tasu ce, su suka sha ta. Bai kamata mu raba su da abinsu don muna son yabo ba.

Abin da ya fi burge ni da Amurkawa shi ne yadda suka shigar da kiɗan cikin aji. Tun 1978 wani mai busa a Shikago, Billy Branch, yake shiga makarantu yana koya wa yara buluz. Majalisar Dattawan ƙasar ta ayyana 2003 a matsayin shekarar buluz. Da waƙa ɗaya malami zai koyar da tarihin bauta, da ƙaurar baƙaƙe daga kudu zuwa biranen arewa, da tsarin baiti, sannan ya ce kowane yaro ya rubuta tasa. Kiɗan da a da ake hana 'ya'yan mutunci saurare ya zama abin koyarwa.

Mu ma ba a bar mu a baya ba ta fuskar jami'a. Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana a 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, kuma daga wajensa ɗalibai suka saba da kalmomi irin su turke da gindin waƙa da ɗiya. Inda nake da ƙorafi shi ne ƙasa, wajen yara. Sau da yawa waƙar baka takan iso aji a takarda kawai, a haddace sunan mawaƙi da garinsu da jigo, a amsa tambaya a wuce. Yaro zai ci jarrabawa a kan Ɗan Maraya bai taɓa jin ƙarar kuntigi ba. Rabin ma'anar waƙar kuwa a cikin saurin kiɗan take, da inda yake yanke numfashi, da inda yake barin tsirkiya ta ƙarasa masa magana.

Ga yadda nake yi. Ranar farko ba alƙalami. Nakan ɗora waya a kan tebur in haɗa ta da 'yar lasifika, mu saurara kawai. Da farko dariya suke yi, muryar ta yi musu sauri, Hausar kuma ta yi musu tsufa. A karo na biyu sai ka ga ƙafafu sun fara motsi ƙarƙashin benci. Rana ta biyu kowa ya rubuta abin da kunnensa ya kama, ina tsayar da waƙar layi-layi. A nan gardama ke tashi, wannan ya ce kaza ya ji, waccan ta ce a'a, mu mayar baya mu sake ji. A cikin wannan gardamar suke koyon ƙa'idar rubutu, inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, da haruffa masu lanƙwasa, ba tare da sun san darasin nahawu ake yi ba. Kalmomin da suka gagara ba na fassara musu. Nakan ce a kai gida a tambayi baba ko kawu ko yaya. Kusan kowane gida a unguwar nan akwai wanda ya ci abinci da mota, ko mai kawo shanu kasuwar Gariki, ko mai sauke tumatur da albasa a New Artisan. Wata yarinya ta dawo ta ce babanta, wanda ba ya yawan magana da su, ya zaunar da ita har bayan lisha yana ba ta labarin shekarun da ya yi yana bin mota kafin ya samu lasin. Ba ta taɓa sanin ya yi aikin ba.

Sai bayan haka nake kawo kalmomin Gusau, mu nemo turken waƙar, mu ga yadda mai waƙa shi kaɗai yake bambanta da mai ƙungiya. Sannan mu haɗa kuntigi. Gwangwanin kifi ba ya wuya, fata muna roƙa wajen mahauta, tsirkiya kuwa da zaren kamun kifi muke yi. Fatar a jiƙe ake ɗaura ta, a ja ta sosai, a bar ta a rana. Na farkon yawanci ba ya kuka, sai dai ya yi tari, domin yara ba su da haƙurin jiran fata ta bushe. Wanda ya jira nasa yakan yi magana. A rana ta ƙarshe nake sa musu Big Joe Williams, in tambaye su me ya yi kama, me ya bambanta. Ba sa jin Turancinsa, ni ma da ƙyar nake tsinta, amma nan take suke nuna tsirkiyar nan ɗaya. Wani yaro ya ce bambancin shi ne Ba'amurken kuka yake yi wa kansa, Ɗan Maraya kuwa wani yake ɗagawa. Ban taɓa karanta bayanin da ya fi wannan a littafi ba.

Ba kowa ne ya yi na'am ba. Wani dattijo ya same ni bayan la'asar, muka gaisa, ya ce, "Malam, Allah ya gafarta, karatu muka kawo su ko kiɗa?" Na ce, "Baba, karatu ne. Amma in ranka bai kwanta ba, ranar da za a sa waƙar sai in ba yarinyarka aikin a rubuce ta yi a gida." Haka muka yi, kuma ban ga laifinsa ba. Malamai sun daɗe da saɓani a kan kiɗa, ba ni zan raba gardamar ba. Abin da na kiyaye shi ne ba na yin wannan darasi a harabar masallaci, ba na kuma yin sa a ɓoye.

Akwai kuma waƙoƙin Ɗan Maraya da ba na sawa a ajin ƙanana. Lokacin yaƙin basasa ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da dama. A Kaduna ko Jos ana iya jin su a matsayin tarihi. Nan kuwa Inugu ce, hedikwatar Biyafara har zuwa Oktoban 1967, kuma maƙwabcin da ke jiyo lasifikata ta taga wataƙila yunwar yaƙin ce ta kashe yayyensa. Namu iyayen ma sun bar gidajensu a 1966 suka gudu arewa, bayan kashe-kashen da aka yi wa Ibo a can, wasu ba su dawo ba sai bayan 1970. Manyan ɗalibai nakan gaya musu waƙoƙin suna nan, in gaya musu dalilin da ya sa aka yi su, in kuma gaya musu cewa a garin nan ne aka zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin gari na farko. Duka biyun gaskiya ne, kuma yaron Asata yana bukatar ya san su tare.

Aikin ƙarshe shi ne kowa ya zaɓi wani mai ƙaramar sana'a da ya sani ya yi masa baiti, da sharaɗin kada a ji tausayi a ciki, a yabe shi da abin da ya iya. An kawo mini mai tura baro a kasuwar Ogbete, da mai yankan farce, da mai shayin bakin masallaci, da mai gyaran takalmi da ke yawo yana buga akwatinsa. Wata ta yi wa wata 'yar Ibo mai sayar da abincin nan okpa a kan titinsu, cikin Hausa tsaf, ta ce matar ce ke ba ta bashi in ta makara ba ta karya ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kayan aiki. Waƙar Ba'amurken an san ranar da aka ɗauke ta, da garin, da kamfanin, da sunan kowane makaɗi. Ta Ɗan Maraya kuwa a katin waya nake sayenta wajen masu tura waƙoƙi, farkonta a yanke, sautin ya dushe saboda yawan kwafa, ba shekara ba bayani. Tsofaffin faya-fayai suna nan a gidajen rediyon arewa da hannun masu tara su, kuma cikin waɗanda suka zauna da shi a Jos har yanzu akwai masu rai. Ina roƙon sassan Hausa na jami'o'inmu su haɗa kai da iyalansa a fitar da waƙoƙin da sauti mai kyau, kowace da matanin da aka tantance da shekarar da aka ɗauke ta, a farashin da malamin yamma a Asata ko Anaca ko Fatakwal zai iya saya.